Hannun Candela a Kan Takarda

Azul, 9 ga Mayu

Zuwa ga ɗana Gastón,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da matarka Rocío da yarinya. Ni ma ga ni nan, ana ta lallaɓawa. Sanyi ya fara shigowa, gwiwoyina sun riga masu hasashen yanayi sanarwa.

Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙa a zamanin da ko fada da waya yake tara mutane a coci. Kunnena ne ya ƙi. In ka kira, "eh, eh" kawai nake cewa, rabin abin da kake faɗa ba na ji, kai kuma dama ba mai faɗar da yawa ba ne. Mahaifiyarka Nélida ita ce kunnena, ita ce kuma bakinka. Wata biyar ke nan da muka binne ta, kuma tun daga ranar ban san komai game da ku ba, sai dai cewa kuna raye. Gidan nan ya yi mini yawa, Gastón. Har yanzu in na haɗa mate, shayinmu na ganye, sai in miƙa ƙoƙon wajen kujerarta, in na farga in dawo da hannuna.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Maɓallin rigata ya tsinke, na buɗe gwangwanin biskit ɗin da take ajiye maɓallai, sai ga hoto a ƙasa. Yarinya ce da ɗan kofin gasa a hannuwa biyu, tana dariya, haƙori ɗaya babu. A bayanta gilashin da ya kewaye filin padel, wasan ƙwallon nan namu. A bayan hoton kuma rubutun mahaifiyarka, wannan karkataccen rubutun nata: "Candela, shekara goma. Kada Osvaldo ya gani."

To, Osvaldo ya gani. Ban yi fushi ba. Na zauna a bakin gado na daɗe ina kallonta. Rabona da ita tun tana shekara biyu, tana jan gashin bakina. Ashe jikata tana wasan da na ƙare rayuwata a kansa, kowa ya sani sai ni.

Amma ba wannan ne ya hana ni sukuni ba. A gefen hoton akwai paleta, abin dukan ƙwallon, jingine da gilashi. Na ɗauko tabaran karatu, na ƙara da gilashin da nake duba tsagewar katako. Gastón, wannan paletar manya ce. Mai faffaɗan kai ce, duk nauyinta a sama yake, irin ta ƙattin da ke dukan ƙwallo kamar suna faskare. Ba za ta gaza giram ɗari uku da saba'in ba. In da ita yarinyar nan take wasa, kullum hannunta yana ɗaukar abin da ya fi ƙarfinsa.

Shekara ashirin na yi ina sassaƙa paleta a shagon nan, tun ana yin su da katako. Ban iya komai ba a duniya, na dai san abin da ya dace da hannu. Ka bar ni in zaɓa mata. Abu uku kawai nake so: tsawonta, nauyinta, sai a ɗora hannunta a kan takarda a zagaye shi da fensir, don in san kaurin ƙotar da za ta iya riƙewa.

Ka gaida Rocío. Ka gaida yarinyar, in ta san da ni.

Mahaifinka,
Osvaldo

*

Valladolid, 2 ga Yuni

Baba,

Na samu wasiƙarka. Muna lafiya. Ka riƙa kunna hita, kada ka ce za ka yi jarumta da sanyi.

Ni na ce Mama ta ɓoye hoton, kada ka ga laifinta. Candela ta fara wasa ne a filin unguwa da 'yan ajinsu. Ban so ba. Rocío ta ce ba a kulle yaro a ɗaki don uban ya taɓa faɗuwa a waje. Sau uku a mako nake kai ta. Ina ajiye ta a ƙofa, in koma cikin motar aiki in kunna rediyo har ta fito. Shekara biyu ke nan ban taka cikin wurin ba, ƙarar ƙwallon kaɗai da nake ji ta taga ta ishe ni.

Paletar ta ƙanin Rocío ce, ya daina wasa ya ba ta. Mai horar da su ma ya ce a canza. Za mu je kanti. A titi ɗaya a nan akwai paleta fiye da duk na garin Azul.

Ka ce ka san abin da ya dace da hannu. Na karanta wannan layin sau uku, Baba. Ka tuna abin da kake faɗa in na ce hannuna yana ciwo? "Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi." Ina shekara goma sha ɗaya ka sassaƙa mini wadda ko kai sai ka yi nishi kafin ka ɗaga ta. Kwando uku na ƙwallo kafin makaranta, kwando uku bayan an tashi. To, ka tanƙwara. Yau shekara talatin gwiwar hannuna ta dama ba ta miƙe ba. In zan gyara firji mai zurfi sai in shiga da kafaɗa, yaran shago suna dariya.

Ba faɗa nake nema ba, mun yi girma da wannan. Amma hannun Candela ba zai bi ta hannunka ba. Kada ka aiko da komai.

Ka kula da kanka.

Gastón

*

Valladolid, 5 ga Yuni

Kaka Osvaldo,

Ina gaisuwa. Ni ce Candela. Na san da kai mana! Kai ne mai gashin baki a hoton da ke ɗakin Mama.

Na ga wasiƙarka a ƙarƙashin kwanon lemo, na karanta. Na san babu kyau, amma sunana yana ciki, ka ga ai tawa ce ita ma. Mama ta ce ita ba ta ga komai ba, ba ta ji komai ba, sannan ta ba ni kan sarki.

Tsawona mita ɗaya da santimita arba'in da shida. Nauyina kilo talatin da bakwai, da takalmi. Yanzu shekarata goma sha ɗaya, haƙorin ya fito. Ga hannuna nan a bayan takardar, ni na zana da kaina. Ɗan yatsan ƙarshe ya karkace don kyanwarmu ta taka takardar.

A gefen dama nake tsayawa, abokiyar wasata Noa a hagu. Noa tana da surutu amma ba ta tsoron gilashi. Ni ina son paleta baƙa mai faffaɗan kai, irin ta zakaru. Kada ka saya mini ta yara mai hoton dabba, wallahi ba zan riƙe ba.

Zan gaya maka wani abu, amma sirri ne. In na buga ƙwallon sama da ƙarfi, gwiwar hannuna tana yin zafi, ta waje. Jiya ma da ƙyar na buɗe kwalbar ruwa. Ban gaya wa Baba ba, don in aka yi zancen hannu fuskarsa tana canzawa, ya tashi ya tafi wanke kwanukan da an riga an wanke. In ya ji zai hana ni wasa. Kada ka faɗa.

Da gaske ne Baba ya fi kowa iyawa a garinku? Kaka Nélida ce ta gaya mini a waya. Shi ko kallo ba ya yi. Duk iyaye suna tsayawa a bayan gilashi suna ihu, in na waiwaya wajen nawa babu kowa.

Jikarka,
Candela

*

Azul, 1 ga Yuli

Gastón, ɗana,

Ina gaishe ku duka. Wasiƙarka ta zo, na karanta, ba ni da abin cewa a kanta sai dai gaskiya ka faɗa. Kwana uku bayanta wata ta zo, daga Candela. Kada ka yi mata faɗa.

Ka ajiye duk abin da kake yi ka karanta wannan. Gwiwar hannun yarinyar nan tana ciwo, ta waje, in ta buga ƙwallon sama. Har buɗe kwalba yana ba ta wuya. Ka san wannan ciwon, ba sai na kwatanta maka ba. Ta roƙe ni kada in faɗa, ga shi wasiƙar farko da jikata ta taɓa rubuto mini na ci amanarta. Na gwammace ta ƙi ni har in mutu. Ka kai ta wurin likita a makon nan, ka ɗauke waccan paletar ka jefa a saman kabad. Amma don Allah kada ka hana ta wasan. Ba wasan ne ya yi maka illa ba, ni ne.

Ka ce kada in aiko da komai. Na aiko. Mai hali ba ya fasa halinsa. Amalia matar mai gidan burodi za ta je Madrid ganin 'yarta ranar Asabar, za ta sa maka a mota. In ka ga dama ka jefar, amma ka fara jin yadda aka yi.

Na ɗauki sikelin girkin mahaifiyarka a jaka, na bi ta gidan Chiche, tsohon abokin wasana, muka tafi kantin kayan wasa. Ka tuna Chiche, wanda ya fi iya baki da hannu. Yanzu da sanda yake tafiya, bakin dai yana nan. Muna shiga yarinyar kantin, Milagros, ta ga na fito da sikeli, ta ce, "Baba, nama ake sayarwa a can gaba."

Na ce, "'Yata, abin da aka rubuta a jikin kwali ban yarda da shi ba. Sauko mini da su."

Chiche ya ce, "Ki yi haƙuri da shi, ko ranar aurensa sai da ya auna zoben."

Goma sha huɗu na auna. Bayan sikeli sai in ɗora kowace a kan yatsana in ga inda take daidaita. Ta yaro dole nauyinta ya zauna kusa da ƙota, kanta zagayayye, cikinta soso mai laushi da zai shanye dukan kada ya haura hannu. Wadda ke rinjaya gaba, ko ta yi kyau kamar amarya, a mayar.

Sai ga wata baƙa, kyakkyawa, giram ɗari uku da hamsin da biyar. Candela kuwa ta ce baƙa take so. Na juya ta, na sake juyawa, na ji bakina yana cewa, "Ai za ta girma ta tarar da ita. Shekara ɗaya ne, hannun ma ya yi ƙwari."

Chiche bai yi dariya ba. Ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "Osvaldo, ka ji kanka kuwa? Ɗaya bai ishe ka ba?"

Wallahi Gastón sai da na nemi kujera. Shekara talatin ina cizon yatsa, ashe mutumin nan yana nan a cikina, bai je ko'ina ba. Milagros ta kawo mini ruwa, ba ta san me ya faru ba. Ta ce, "Paleta ba takalmin makaranta ba ce, Baba, ba a saya da girma." Yarinyar da na haifi ubanta ita ta koya mini sana'ata.

Wadda na ɗauka giram ɗari uku da goma sha takwas ce, zagayayya, ruwan ƙwai. Ba ta da kyau, na sani. Na kwafi zanen hannun Candela a wata takarda, na yanke, na naɗa shi a ƙotar. Ta yi mata siriri kaɗan, sai na ƙara naɗin tef ɗaya da hannuna, yadda in ta riƙe yatsa ɗaya zai shiga tsakanin tafinta da kan yatsunta. Na rage tsawon igiyar wuyan hannu. Na sa tef biyu na ajiya a aljihun jakar.

Saura abu ɗaya, wanda ko mahaifiyarka ban taɓa gaya wa ba. Paletar da na sassaƙa maka, ba katakon ne kaɗai ya yi nauyi ba. Na huda kanta na zuba darma, na toshe, na shafe da fenti. Na ce in ka saba da ita, ranar gasa in na ba ka marar nauyi za ka tashi sama. Lokacin da likita yake tambaya me yaron nan yake ɗagawa haka, ina tsaye na yi shiru. Ban taɓa ce maka ka yafe mini ba, don ban taɓa gaya maka abin da za ka yafe ba. Yanzu ka sani.

Zanen hannun na manna shi a jikin firji. Da safe kafin in ɗora ruwa nakan ɗora tafina a kai. Shi ne mutum na biyu a gidan nan.

Mahaifinka,
Osvaldo

*

Azul, 8 ga Yuli

Gastón,

Gaisuwa a gurguje, ina so in kai wannan gidan waya kafin su rufe. Na yi kuskure, kuma Amalia ta riga ta tashi.

Yau da safe na ce bari in rama wa Candela, in zana mata nawa hannun ta ga irin na kafinta. Na ɗora hannu a takarda na zagaye. Da na ɗaga, na kai shi kusa da nata a jikin firji, sai na ga ba su fuskanci gefe ɗaya ba. Nawa na hagu ne. Dole, tunda da dama na riƙe fensir. Nata kuwa na dama ne. Ita ta zana da kanta, haka ta rubuta. To da wane hannu ta riƙe fensirin?

Bahaguwa ce! Jikata bahaguwa ce, ni kuwa na zauna na naɗa mata ƙota irin ta masu dama. Har ta gaya mini a gefen dama take tsayawa, inda ake ajiye bahagwai, ban ɗauki haske ba. Sati biyu ina ɗora tafina a kan hannun da ba shi take wasa da shi ba. Kai, tsufa bai yi ba.

Na tsaya a gaban firjin nan na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba. Ba don kuskuren ba. Mahaifiyarka bahaguwa ce, ka sani. A makaranta aka ɗaure mata hannun a baya har ta koyi rubutu da dama, shi ya sa rubutunta yake kamar iska ta kaɗa shi. Ranar da na fara kai ta gidanmu ta miƙa wa uwata mate da hagu, tsohuwa ta kalli ƙoƙon ta ce, "Ni kike kora, ko ba a koya miki ba?" Nélida ta yi kwana uku tana kuka. Shekara arba'in da shida tana miƙa wa kowa da dama, ni kaɗai take miƙa wa da hagu, in babu kowa. Almakashinta na bahagwai yana nan a aljihun tebur, ba ya yanka mini komai. Na ɗauka hannun nan ya tafi ke nan, ashe yana can wajenku yana buga ƙwallo, ba wanda ya gaya mini.

Yanzu ga aikin. Paleta ba ta da dama ko hagu, amma naɗin ƙota yana da shi. In ta riƙe yadda na naɗa, bakin tef ɗin zai riƙa cizon yatsunta, ya kwance, ƙotar ta riƙa juyawa, ita kuma ta ƙara matsewa. Matsewar nan ita ce abokiyar gabar gwiwar hannu. A warware, a sake naɗawa ta ɗaya gefen. Kada a ba yaran kanti, ja suke yi kamar suna ɗaure buhu. Kuma a sake gwada kaurin a hannun hagun, hannun wasa yakan ɗara ɗan'uwansa.

Kai ka iya. Kana shekara tara kake naɗa wa duk 'yan filinmu, Chiche yana ba ka alewa. Ka fi ni hannu a wannan, ban dai taɓa faɗa maka ba.

Ga zanen hannuna nan, ka ba ta in tana so.

Mahaifinka,
Osvaldo

*

Valladolid, 19 ga Agusta

Kaka,

Ina gaisuwa, amma ka sani na yi fushi da kai. Na ce sirri ne! Sati biyu na yi ina cewa ba ni da kaka. Baba ya kai ni wurin likita, ta lanƙwasa hannuna ta ce an zo da wuri, in huta sati huɗu. Sati huɗu, Kaka, a lokacin hutu! Noa ta yi wasa da wata, sun sha kashi, na ɗan ji daɗi.

Kuma paletar nan. Na ce baƙa, ka aiko mini da wainar ƙwai. Noa ta ce in mun ji yunwa a fili ma ci.

Da ta iso Baba bai buɗe jakar ba, ya ɗora ta a saman kabad. Wasiƙunka biyu ya karanta a tsaye a kicin, ya sa a aljihu, ya fita da kare ya daɗe, alhali an riga an fita da karen. Bai yi zancenta ba har sati huɗun suka cika. Ni ma ban yi ba, don Mama ta taka mini ƙafa.

Ranar Lahadi da safe na fito shan madara, na tarar da shi a tebur da paletar a kan cinyarsa. Ya warware naɗinka. Ya naɗa sabo, ya kalla, ya ce "tsk", ya warware. Sau uku. Hannunsa na dama ba ya kaiwa, sai ya danne kan paletar da haɓarsa. Ya ce, "Zo nan, 'yar rigima, riƙe." Na riƙe. Ya sa yatsansa tsakanin tafina da yatsuna, ya ce, "Tsohon nan ya canka, ko da hannun da ba shi ba."

Na ce, "Ka iya ashe?" Ya ce, "Sha madararki."

Ranar Talata ya ajiye ni a ƙofa kamar kullum. Muna cikin ɗumama jiki Noa ta ce, "Wane ne wancan mai kayan gyaran firji?" Na waiwaya, ga shi a bayan gilashi, hannu a aljihu. Bai yi ihu ba kamar sauran iyaye. Da muka fito na ce ya ka gani, ya ce wai ya zo duba naɗin ne kawai, ko ya kwance. Ranar Alhamis ma ya zo duba naɗin.

Wainar ba ta da nauyi ko kaɗan. Ƙwallon sama ba ya fita da ƙarfi kamar da, amma yana zuwa inda na aike shi, kuma na buɗe kwalbata da kaina. Na rage fushin, saura kaɗan.

Hannunka yana jikin firjinmu. Me ya sami babban yatsanka?

Jikarka bahaguwa,
Candela

*

Valladolid, 21 ga Agusta

Tsoho,

Muna lafiya. Hannunta lafiya.

Zancen darma. Na sani tun ina shekara goma sha biyu. Fentin ya ɓare, na ga toshiyar, na sa farce na ji. Na shafe ta da fentin farcen Mama don kada ka gane na gani. Na ɗauka in na jure za ka ji daɗi. Shekara talatin ina jira in ga ko za ka faɗa da bakinka.

Paletar tana nan a ƙasan akwatina, da ita na zo ƙasar nan. Jiya na ɗora ta a sikeli. Giram ɗari huɗu da tamanin da biyar. Ta Candela, da sabon naɗi, ɗari uku da ashirin da huɗu.

Ban ce komai ya wuce ba. Amma hannunta yana girma, baɗi war haka wannan za ta yi mata kaɗan. Zan aiko maka da sabon zane, na hagu, ni zan zana. Kai za ka zaɓa. Ka tafi da Chiche.

Ka juya takardar, hannuna ne. Candela ce ta zagaye shi, ni ba zan iya da kaina ba. Na dama ne. In akwai wuri a jikin firjin, ka sa shi kusa da nata.

Ɗanka,
Gastón